Lauyan da Ya Ajiye Shari'a Ya Tsara "Stardust"

Masu kallo, barkanmu da warhaka. A shekarar 1936 kamfanin Victor na Amurka ya fitar da wani faifan garmaho. Ka ɗora fuska ɗaya, ka ji makaɗan Benny Goodman. Ka juya shi, ka ji na Tommy Dorsey. Waƙa ɗaya ce a fuskokin biyu, sunanta "Stardust", wato ƙurar taurari. Kamfanin bai ji tsoron a ce ya yi maimai ba, domin ya san kunne ba zai ji su iri ɗaya ba.

Wanda ya tsara waƙar kuwa ba ya cikin ko ɗaya daga ƙungiyoyin nan. Sunansa Hoagy Carmichael, an haife shi a 1899 a garin Bloomington na jihar Indiyana. Mahaifiyarsa makaɗiyar fiyano ce a gidan silima, tun zamanin da fim ba ya magana, kuma a wajenta ya fara taɓa kiɗa. Ya karanta shari'a a Jami'ar Indiyana, ya gama a 1926, har ya ɗan taɓa aikin lauya a Fulorida. Amma hankalinsa na wajen kiɗan jaz, musamman busar abokinsa Bix Beiderbecke, wani gwanin ƙaho da ya rasu yana da shekara 28 kacal.

Ranar 31 ga Oktoba, 1927, Carmichael ya shiga ɗakin naɗar sauti na kamfanin Gennett a garin Richmond, nan cikin Indiyana, ya naɗi "Stardust" karo na farko. Da za ku ji wannan faifan, da wuya ku gane ta. Kiɗa ne zalla, babu baiti ko ɗaya, ga shi da ɗan sauri irin na rawa. Bai yi wata kasuwa ba.

A nan sai mu ɗan tsaya. Mu mun saba mawaƙi shi ke ƙirƙirar waƙarsa, shi ke rera ta, shi da 'yan amshinsa. A Amurkar wancan lokaci aikin a rarrabe yake. Wani ya tsara karin, wani ya ɗora kalmomi, kamfanin ɗab'i ya buga ta a takarda ya yi ta tallarta ga shugabannin makaɗa, su kuma kowa ya sa a yi mata sabon ɗinki daidai da ƙungiyarsa. Haka aka yi da wannan. A 1929 Mitchell Parish ya rubuta mata baitoci, na mutumin da ya kaɗaita da dare yana begen soyayyar da ta wuce. A 1930 kuma Isham Jones ya naɗe ta da makaɗansa, ya rage mata gudu sosai. Wannan sassautawar ce ta buɗe mata ƙofa. Kafin 1931 ta ƙare, Bing Crosby ya rera ta, Louis Armstrong ma ya rera ya kuma busa.

Me makaɗa suka gani a jikinta? Karin nata ba ya tafiya a miƙe. Ya hau, ya gangaro, ya yi tsalle inda ba ka zata ba, kamar mai busa yana ƙirƙira nan take. Masana da yawa na cewa salon Bix ne ke yawo a ciki, ni ma haka kunnena ke ji. Shi ya sa take wahalar da maƙogwaro, amma ga mai ƙaho ko algaita, faɗuwa ce ta zo daidai da zama.

Daga 1935 manyan ƙungiyoyin kiɗan suwin, wani salon jaz na rawa, suka mamaye rediyo da zaurukan rawa, kowace da makaɗa goma sha wani abu: masu ƙaho a jere, masu saksafon a gaba, ga ganga da fiyano. Kusan duk wani shugaban makaɗa mai ji da kansa sai da ya gwada "Stardust". A 1940 kaɗai, Glenn Miller ya naɗe ta, Tommy Dorsey ya sake naɗar ta tare da wani matashin mawaƙi Frank Sinatra, sai kuma Artie Shaw.

Ta Shaw ɗin nan, in kun tambaye ni, ita ce gaba. Billy Butterfield ne ya buɗe da ƙaho shi kaɗai, tas-tas, sannan masu goge suka shigo a hankali. Shaw ya karɓa da algaitarsa ta Turawa ya yi ta hawa har can ƙololuwa. Sai Jack Jenney ya yi wata 'yar gajeriyar busa da ƙahon nan mai zugewa, wadda har yau masu koyo ke haddacewa. Babu wanda ya buɗe baki a faifan, amma an sayar da fiye da miliyan ɗaya.

Ba ita kaɗai Carmichael ya bari ba. Akwai "Georgia on My Mind" ta 1930, wadda Ray Charles ya farfaɗo da ita a 1960, jihar Jojiya kuma ta mai da ita takenta a 1979.

Zamanin manyan ƙungiyoyi ya fara dusashewa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A 1942 ƙungiyar ƙwadagon makaɗa ta hana mambobinta naɗar faifai, mawaƙa kuwa ba mambobi ba ne, suka ci gaba da abinsu, fage ya koma hannunsu.

Mawaƙan ne ma suka tono wani ɓangare da aka saba tsallakewa. Waƙar tana da doguwar shimfiɗa kafin a shiga gangar jikinta, amma fuskar faifan garmaho ba ta wuce minti uku da ɗoriya, sai makaɗa da yawa suka riƙa yar da ita. Nat King Cole ya dawo da shimfiɗar a faifansa na 1957. A 1962 kuwa Sinatra ya fitar da nasa, inda ya rera shimfiɗar kaɗai, yana kai bakin inda kowa ke jira ya yi shiru, masu goge suka rufe.