AMT, ƙwayar da ba ta saurin sakin mutum

Jama'a masu sauraro assalamu alaikum, sharhinmu na yau kan wata ƙwaya ce da ake kira AMT, cikakken sunanta alpha-methyltryptamine. Ba ganye ba ce ba saiwa ba, a ɗakin gwaji ake haɗa ta, kuma tun asali ma da sunan magani ta fito, don a shekarun 1960 an sayar da ita a Tarayyar Soviyet da sunan Indopan ga masu ciwon damuwa, kafin daga baya a ajiye ta.

To ina matsalar take? A ginin sinadarin ne. AMT 'yar uwar serotonin ce, sinadarin nan da ƙwaƙwalwa ke aika saƙo da shi kan barci da cin abinci da walwala, ƙirarsu kusan ɗaya, shi ya sa in ta shiga sai ta hau gurbin da serotonin ke zama, musamman wanda masana ke kira 5-HT2A, nan mutum zai fara ganin launuka na motsi, bango na numfashi, lokaci ya rikice masa. Ba ta tsaya nan ba, tana kuma sa jijiyoyi su kwararo da serotonin da dopamine (shi ma sinadarin saƙo ne na ƙwaƙwalwa, mai sa jin daɗi), zuciya ta dinga bugawa da ƙarfi, haƙora su datse, ga tashin zuciya ga amai.

Amma abin da ya fi tayar min da hankali wallahi shi ne wani ɗan ƙaramin reshen sinadari da ake kira methyl da aka liƙa a gininta. Jiki yana da wani mai shara da ake kira MAO, aikinsa ya farfasa irin waɗannan sinadarai ya kwashe su, to wannan reshe ya sa MAO ba ya iya taɓa ta da sauƙi, ita ce ma take danne shi. Sai ka ga mutum ya yi awa 12 ko fiye bai dawo hayyacinsa ba, kuma da yake tana jinkirin kamawa, wani sai ya ɗauka ba ta yi ba ya ƙara, nan ne ake yin asarar rai. Amurka ta haramta ta a 2003, Birtaniya kuma a 2015 bayan an samu mace-mace.

Kuma kar wani ya ce wannan na Turai ne, tramol ɗin da ya cika unguwanninmu shi ma serotonin yake ɗagawa, in ya haɗu da duk wani abu mai danne MAO, serotonin ɗin yana taruwa ya zama guba, jiki ya ɗau zafi, gumi, makyarkyata, tsoka ta sandare, wani har farfaɗiya. In kun ga haka a jikin yaro kar a kulle shi a ɗaki wai ya yi barci, a garzaya asibiti, kuma a daure a gaya wa likita gaskiyar abin da ya sha.