Lacca: Shugaba da amsar "To, ranka ya daɗe"

Assalamu alaikum. Daraktoci, shugabannin sassa da sauran 'yan'uwa ma'aikata, barkanmu da warhaka. An nemi in yi magana a kan yadda shugaba yake isar da saƙo ga na ƙasa da shi a wurin aiki, ni kuwa zan fara da labarin wani hatsarin jirgin sama, domin a nan ne na fi ganin wannan al'amari ƙarara.

Ranar 27 ga Maris, 1977, jirage biyu ƙirar Boeing 747, ɗaya na kamfanin KLM na ƙasar Holan, ɗaya na Pan Am na Amurka, suka yi karo a kan titin tashi na filin Los Rodeos da ke tsibirin Tenerife na ƙasar Sifen, mutum 583 suka rasu. Hazo ya rufe filin, har masu hasumiyar da ke ba jirage izinin tashi da sauka ba sa hango jiragen, sai dai su ji su ta rediyo. Kyaftin ɗin KLM kuwa ba ƙaramin mutum ba ne, domin shi ne shugaban horar da matuƙan wannan samfurin jirgi a kamfanin, hotonsa ma ake sawa a talla, kuma shi ya yi wa mataimakin da ke zaune kusa da shi jarrabawar cancanta.

Da kyaftin ya fara ba jirgi wuta, mataimakin ya tuna masa cewa ba su sami izini ba tukuna. Hasumiya ta ba su bayanin hanyar da za su bi bayan sun tashi, kyaftin ya ɗauka izinin tashi ne, ya saki birki. Injiniyan jirgin, wanda ya ji wata magana ta rediyo, ya tambaya ko jirgin Pan Am ya bar titin. Kyaftin ya amsa da ƙarfi cewa ya bari, daga nan babu wanda ya sake tankawa. Mutum biyu a ɗakin tuƙin nan suna da shakku, amma girman na gaba ya rufe musu baki.

Bayan wannan musiba, aka gyara yadda ake magana a harkar jiragen sama. Aka keɓe kalmar "tashi" ga lokacin ba da izini ko soke shi kaɗai, aka tsananta cewa duk wanda aka ba umarni ya maimaita shi da bakinsa, aka kuma soma koya wa kyaftin sauraron na ƙasa da shi, horon da kamfanin United Airlines ya fara a 1981.

To, mu dawo ofisoshinmu. Mun tashi da tarbiyyar cewa ba a musu da babba, kuma tarbiyya ce mai kyau, sai dai a wurin aiki takan sa "To, ranka ya daɗe" ta zama amsar kowace magana, ko an fahimta ko ba a fahimta ba. Ni kaina na taɓa ce wa wani akawu, ina tsaye a bakin mota ina sauri, ya tura takardar nan kafin Juma'a. Ya russuna ya ce to. Takardu biyu ne a kan teburina, ya tura wadda ba ita ba, muka rasa wa'adin. Na rubuta masa takardar tuhuma, sai da dare na tambayi kaina: wace takarda na ambata masa? Ban ambaci ko ɗaya ba. Ya san biyu ne, kunya ce ta hana shi tambaya, ni kuma fuskar da nake ɗaurewa ce ta ƙara masa tsoro.

Saboda haka, idan ka ba da umarni, faɗi abin da za a yi, da wanda zai yi, da ranar da kake so, sa'annan ka ce masa ya maimaita maka. A wurin taro kuma kada ka fara bayyana ra'ayinka, domin da zarar mai gida ya furta, sauran sai gyaɗa kai. Fara da mafi ƙanƙanta a teburin. In ya kawo gyara, ka tuna gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma yadda ka karɓi gyaran farko a gaban jama'a shi zai nuna musu ko za a kawo maka na biyu.

Takardar tuhumar nan, washegari da safe na kira akawun na yage ta a gabansa. Yanzu sai mu shiga tambayoyi, kuma zan so mu fara daga kujerun baya.