Daren da aka ƙi ba kowa kambu a gasar Hugo

A watan Agustan 2015, a garin Spokane na ƙasar Amurka, an cika zaure ana jiran sunan gwani. Aka buɗe ambulan, aka karanta: babu wanda za a ba. Sau biyar aka yi haka a dare ɗaya.

Gasar Hugo ke nan, babbar lambar yabo ta marubutan ƙagaggun labaran kimiyya, masu kai mu duniyar taurari da mutum-mutumi mai tunani. Tun 1953 ake raba kambun nan mai siffar roka, kuma ba alƙalai ke zaɓe ba. Masu karatu ne. A 2015, dala 40 ta isa ka yi rajista ka jefa ƙuri'a daga ɗakinka.

To ina siyasa ta shigo? Ai ba baƙuwa ba ce a gidan. A 1968, ana tsakiyar yaƙin Biyetnam, mujallar Galaxy ta buga talla biyu suna kallon juna. Shafi ɗaya sunayen marubutan da ke goyon bayan yaƙin, har da Robert Heinlein. Ɗaya shafin kuma masu adawa, irin su Isaac Asimov da Ursula Le Guin. Sana'a ɗaya, kowa da alƙiblarsa.

A 2013 marubuci Larry Correia ya fara wani gangami mai suna Sad Puppies, wato 'yan kwikwiyo masu baƙin ciki. Ƙorafinsu shi ne masu ra'ayin sauyi sun yi kaka-gida a gasar, ana fifita labari mai wa'azin launin fata da jinsi a kan labari mai daɗi. Daga baya wani ɓangare mai zafin ra'ayin riƙau, ƙarƙashin Vox Day, ya fito da nasa jerin sunayen da yake so magoya baya su zaɓa, kamar yadda Sad Puppies ke yi.

Yanzu ku lura da dabarar. A zagayen farko kowa na iya rubuta sunaye biyar a kowane rukuni. Mutum dubu biyu, kowa da gwaninsa, ƙuri'u sai su tarwatse kamar an watsa wa kaji tsaba. Amma in 'yan ɗaruruwa suka yi sak, jeri ɗaya ba canji, sai su kwashe gurabun duka. Ba su karya doka ko ɗaya ba, gaskiya dai gaskiya ce. Sai dai a ganina sun ci amanar wasan.

Sauran masu karatu suka fusata, aka yi ta yankar rajista. Ƙuri'a 5,950 aka jefa a zagayen ƙarshe, adadin da ba a taɓa gani ba kafin nan. A rukunan da 'yan jerin suka mamaye kaf, jama'a suka zaɓi a bar kambun a ajiye. Har da marubutan da ba su nemi a saka su a jerin ba, tsautsayi ya rutsa da su.

Ɗaya daga cikinsu, Marko Kloos, ya janye littafinsa da kansa tun kafin zagayen ƙarshe. Gurbin da ya bari ne ya ba Liu Cixin na ƙasar Sin damar shiga, kuma shi ya lashe, karo na farko da fassararren littafi ya ci rukunin littafin dogon labari.

Shekarar da ta biyo baya, Nnedi Okorafor, wadda iyayenta 'yan Najeriya ne, ta ɗauki nata kambun. N. K. Jemisin kuwa ta ci sau uku a jere, daga 2016 zuwa 2018. Tun 2017 aka sauya yadda ake ƙidayar zagayen farko, don kada jeri ɗaya ya sake cinye rukuni sukutum.