Zabon Daji: Daga Hannun Maharbi Zuwa Tukunya

Nana: Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da sake haɗuwa daga nan Sakkwato. Yau Kawu ya shigo mana da zabon daji guda da fakara biyu daga fadamar Rima. Kawu, na ga har an fid da cikinsu.

Kawu: To, ɗiyata, da in kawo miki su haka? Garin da zahin bazara ka wuce digiri 40? Tsuntsun da ya wuni cikin jaka da hanji nai, kafin la'asar ya juya. Ni wurin da ya hwaɗi nan nika hwara aiki. In na iske shi da rai in yanka, in tsaga ƙasan ciki in zare hanji, in zubda tsabad da ya tara cikin wuya, don ita ka hwara tsami.

Bello: Ƙundu da hanta fa? Kar a ce an bar wa angulu.

Kawu: Wa ka yadda ƙundu? Sai dai a bi matsarmama sannu. In ta hwashe bisa nama, ɗacin ba ya hita ko an wanke.

Nana: Ga inda muke saɓawa da Bello. Shi wajen fige gashi, komai ruwan zafi.

Bello: Ai ya fi sauri, Anti.

Nana: Ga zabo, na yarda. Shi ma ba tafasasshen ruwa ba, wanda ya fara hayaƙi kawai, a wanke jinin wuya tukuna, a tsoma a ɗaga. Amma kurciya da hasbiya fatarsu ba kauri, ruwan zafi saɓule ta yake yi. A bushe ake fige su, sannan a babbake sauran gashin a kan garwashi.

Kawu: Agwagwar ruwa kau, akwai wani ɗan kitse bisa bindinta da taka shafe gashinta da shi. A yanke shi a yas, can ƙarninta yake.

Bello: Ni harsashi ne damuwata. Haƙori na tsoro.

Nana: Da haƙori ne kawai da sauƙi. Yawancin ƙwayoyin nan dalma ce. Ba mu manta da 2010 ba, lokacin da gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Waccan ta haƙar zinare ce, amma gubar iri ɗaya ce, kuma yara ta fi yi wa illa. Bayan fiɗa a bi kowane rami da tsinin wuƙa, a fitar da ƙwayar da gashin da ta tura ciki, a yanke inda jini ya daskare.

Kawu: Kuma wanda an ka iske matacce ba a san mi ya kashe shi ba, mushe ne, ga murar tsuntsaye. Ko taɓa shi kar a yi.

Bello: To a gasa mana mu gani.

Nana: Zabon da ya yi rayuwarsa yana gudu? Ba kitse a jikinsa, gashi busar da shi zai yi. A cuɗa shi da gishiri da lemun tsami, a ɗauraye, a sa citta, masoro, kanumfari, tafarnuwa da albasa mai yawa, a bar shi a ƙaramar wuta har ya yi laushi. Fakarar ce za mu shafa wa mai da yajin ƙuli.

Kawu: Ƙundun dai nau ne, kowa ya ji.