Tasha na magana a kwamfuta, a waya kuma shiru

Binta: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa, ga Yaya Nura tare da mu. Yau Malam Habu ya shigo fuska a murtuke, sai ka ce wanda aka ci wa bashi.

Habu: Ke dai bari, Binta. Kwana biyu ban runtsa ba. Na ɗora 'yar tashata ta rediyon intanet a kan Icecast, manhajar watsa sauti, na buɗe ta a kwamfuta da VLC, manhajar kunna sauti, murya tangaram. Ina raba adireshin sai ƙorafi ya fara shigowa: masu iPhone sun danna sun danna, shiru kake ji. Ni kuwa sai ce musu nake intanet ɗinsu ne ba ƙarfi.

Nura: Ka ɗora musu laifi a banza. Da wane tsari kake tura sautin?

Habu: Ogg Vorbis. An ce min kyauta ne, kuma ya fi MP3 daɗin ji.

Nura: Ba a yi maka ƙarya ba. Kuskurenka gwaji da VLC, shi duk abin da ka miƙa masa karɓa yake. Safari kuwa, wato burauzar iPhone, ya yi shekaru ba ya karanta Ogg, kuma tsofaffin iPhone suna nan a hannun mutane. Batun kyauta ma ya wuce, tun 2017 wa'adin haƙƙin mallakar MP3 ya ƙare, kuma da wuya ka sami na'urar da ba ta jin sa.

Binta: Amma Yaya Nura, MP3 ai cin data gare shi. Na taɓa lissafawa: a kan kilobit 128, awa ɗaya na lashe wajen megabait 58.

Nura: Haka ne. Shi ya sa ake buɗe ƙofa biyu a saba ɗaya, wato kwamfutar da ke watsa tashar. MP3 ga kowa da kowa, sai wani tsarin sauti, AAC+, a kan kilobit 48 ga mai tattalin data, wajen megabait 22 ke nan a awa. In hira ce zalla, kunne bai cika kama bambancin ba. Sai dai kar a matse MP3 ɗin shi ma zuwa 48, kiɗa zai koma kamar daga cikin rijiya yake fitowa.

Habu: To ga ta biyu. A shafina da Chrome, maɓallin kunnawa na nan, amma ko tari ba ya yi.

Binta: Wannan ni ma ta taɓa cin ni! Shafinka da https ya fara?

Habu: Ƙwarai.

Binta: Adireshin tashar fa?

Habu: Http, da 8000 a ƙarshe.

Binta: Nan gizo ke saƙar. Tun 2020 Chrome ke juya irin wannan adireshi zuwa https da kansa, in sabar ba ta amsa ba ya toshe sautin, ba sallama ba bayani. Sai ka sa wa tashar tata takardar tsaro mai ba ta damar amsa https, Let's Encrypt na bayarwa kyauta. Kuma ka duba kar a ce fayil ɗin m3u ka liƙa, shi takardar kwatance ce kawai, ba sauti a cikinsa.

Habu: Wannan na tsallake. Amma ƙanwata ta ce muryata ta yi kauri, ina jan magana kamar mai jin barci.

Nura: (dariya) Makirufonka na ɗaukar sauti sau 48,000 a daƙiƙa, manhajar turawa na lissafi da 44,100. Gudun sautin sai ya ragu da wajen kashi takwas cikin ɗari, murya ta faɗa ƙasa. Daidaita su a lamba ɗaya, ko wacce ka zaɓa.

Habu: Ni da har na sha maganin mura.

Binta: Sauya zuwa MP3 yanzu, Malam, ga iPhone ɗina a hannu. Masu sauraro, ku ba mu minti biyu.