Na shiga mayo a Marwa ina nuna muku yadda ƙasa ke tsagewa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka, yau dai daga Marwa nake muku magana, nan arewa mai nisa ta Kamaru, kuma inda kuka ganni tsaye ɗin nan tsakiyar kogi ne wallahi, Mayo Kaliyawo, nan mayo suke ce wa kogi, yanzu rani ne shi ya sa ba komai sai yashi da yara masu ƙwallo, amma ku zo a watan Agusta ku ga ikon Allah. Ku yi haƙuri da iska, tana shiga makirfon.

Bari in sauke kyamara ƙasa. Kun ga wannan ɗan layin da ruwa ya bari a jikin gaɓa? Faɗinsa bai kai yatsana ba. Ku bi shi da ido, ga wasu ƙanana guda uku sun shigo cikinsa, shi kuma ya gangara ya faɗa wannan kwazazzabon, kwazazzabon ya faɗa mayo. In da zan hau sama in ɗauko muku hoton duk yankin nan tun daga duwatsun Mandara, abin da za ku gani kenan sak, reshe cikin reshe kamar kuka ta zubar da ganye. To wannan abin masu lissafi ke kira firaktal, wato siffar da in ka gutsuri kaɗan daga cikinta sai ka ga ya yi kama da babban. Wani masanin lissafi Benoit Mandelbrot ne ya raɗa sunan a 1975.

Abin da ya jawo maganar, wani ƙanina da ke karatun ƙasa da taswira ne muna shan shayi jiya da daddare yake ta bani labarin yadda ake gyara dazuzzuka da tsaunuka bayan girgizar ƙasa, na ce masa kai Malam mu nan ina ruwanmu da girgizar ƙasa, Allah ya tsare mu, ambaliya ce matsalarmu. Ya ce yaya ai ciwon ɗaya ne, tsaya ka ji. Na tsaya kuwa, har shayin ya huce.

Ranar 12 ga Mayu 2008 aka yi wata babbar girgiza a lardin Sichuwan na ƙasar Sin, mutum kusan dubu 70 suka rasu, Allah ya kyauta. Gidaje muka gani a talabijin, amma tsaunuka ma sun ji jiki, zaftarewar ƙasa dubun dubata, wata ta toshe kogi gaba ɗaya har ya zama tafki, kuma abin bai tsaya ranar ba, don duk ƙasar da ta sassauta tana nan rataye a jikin dutse, damina na zuwa sai ta kwaso laka da duwatsu ta sauko kan mutane, shekara da shekaru ana wannan fama. Haka Nepal a 2015, haka Maroko a Satumban 2023 inda duwatsu suka rufto suka datse hanyoyin ƙauyukan tsaunin Atlas.

To ina lissafi ya shigo? In ka ƙirga zaftarewar nan, ƙanana ba sa lissafuwa, matsakaita 'yan kaɗan, manya ƙalilan, kuma raguwar tana bin tsari. Ita kanta girgizar haka take, duk mai ƙarfin maki 6 guda ɗaya za ka samu masu maki 5 wajen goma. Sai masana su ɗauki hoton tauraron ɗan adam su shimfiɗa masa layuka gida-gida kamar na dara, su ƙirga gidaje nawa tsagar ta taɓa, su rage girman gidajen su sake ƙirgawa, su sake, daga nan sai lamba ta fito tsakanin 1 da 2. Miƙaƙƙen layi 1 ne, abin da ya cika fili taf 2 ne. Da wannan lambar ake kwatanta yadda wuri yake kafin ɓarna da bayanta, a gane inda ya fi dagargajewa, in an yi shuka kuma a duba ko dajin yana komawa kamanninsa. Ma'auni ne fa, kar wani ya ce na ce lissafi na dasa bishiya.

Ni abin da ya tsaya min a rai, ƙasa reshe-reshe take lalacewa, amma mu in za mu gyara sai mu tafi can ƙasa inda ruwa ya riga ya haɗu ya yi ƙarfi mu kafa katangar siminti guda ɗaya miƙaƙƙiya mu ɗauki hoto. Ruwa kuwa bai san miƙaƙƙen layi ba. A sama ya kamata a tare shi, yana ɗan siririnsa, nan ɗan jeren dutse, can ciyawa, gaba kaɗan wani shinge ya fi na baya girma, kafin ya iso mayo ya gaji.

Kuma wallahi mutanen nan sun daɗe da sanin haka. Watan jiya na je wajen Mokolo, ɗan kilando ya kai ni, nan mai mashin ɗin haya suke ce wa haka, na ga gonakin ƙabilar Mafa a jikin dutse hawa-hawa kamar matakala, duk da hannu aka jera duwatsun, ba wanda yake a miƙe, kowanne ya bi lanƙwasar tsaunin, babba na da ƙanana a cikinsa. Na gaida wani dattijo yana mayar da duwatsun da suka zube, na ce Baba sannu da aiki, wannan ai ba ya ƙarewa, ya yi dariya da 'yar Hausarsa ya ce duk shekara ne ɗana, in ka bar ƙaramin ya ɓalle babban ma tafiya zai yi. Wani Ba'amurke ma Ron Eglash ya yi littafi a 1999 kan firaktal a Afirka, a ciki har da fadar garin Logone-Birni ta ƙabilar Kotoko can kusa da Kuseri, gini mai kusurwa huɗu cikin mai kusurwa huɗu. Ina so in je in ɗauko muku in hanya ta yi kyau.

Kai, batir ɗina saura kashi 9. Bari in nuna muku abu ɗaya da sauri, ku dubi lakar nan da ta bushe, irin ta karal ce, wato ƙasar laka inda ake dasa masakwa, dawar rani, kun ga babbar tsaga, ga ƙanana sun fita daga jikinta, in na matso da kyamara ga wasu kuma ƙanana a cikin ƙananan. Kai yaro, ɗauke ƙwallon nan mana, za ka taka min abin da nake nunawa!