Tsamin Jiki ko Rauni? Ciwon da Ake Daurewa da Wanda Ba a Daurewa

Dubi wannan ɗan kokowa na Damagaram. Shekaranjiya ya koma horo bayan aikin gona ya lafa, ya yi tsallen kwaɗo, ya ɗaga ƙarfe har ya gaji. Daren nan barcinsa ya sha lafiya lau. Yau kuwa, ko tsugunawa alwala sai ya dafa bango.

Tsamin jiki ke nan. Yakan fara awa 12 zuwa 24 bayan aiki, ya tsananta tsakanin kwana ɗaya da uku, ya washe kafin mako ya zagayo. Abin da ke kawo shi ƴan ƙananan yagewa ne a zaren tsoka, musamman inda tsoka ke miƙewa alhali tana riƙe da nauyi, kamar lokacin sauke ƙarfe a hankali ko gangarowa daga tudu. Ciwon a baje yake, cinya biyu duka, kuma da jiki ya yi ɗumi sai ya sassauta. Irin wannan ana daure masa. Tafiya, gudu marar ƙarfi na minti 20, tausa mai sauƙi, abinci da barci sun wadatar.

Rauni kuwa da yatsa ɗaya kake nuna wurinsa. Farat ɗaya yake zuwa, wani lokaci har da ƙara ƙas a gwiwa ko kafaɗa, sai kumburi. Kana ƙara motsi, yana ƙara zafi. A nan tsayawa ake yi. Naɗe ƙanƙara a tsumma, kada ta taɓa fata kai tsaye, ka ɗora minti 15 zuwa 20, ka ɗaure da bandeji ba tamau ba, ka ɗaga ƙafar sama da ƙirji. In ba ka iya taka ƙafar taku huɗu, kada a ce targaɗe ne kawai a hau ja da murza. A fara ɗaukar hoton ƙashi.

Sai zafin bazara, wanda a nan yakan haura digiri 40 a watan Afrilu da Mayu. Hau sikeli kafin horo da bayansa. Kowane kilo ɗaya da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta gumi, kuma da lita ɗaya da rabi za ka mayar, kurɓi-kurɓi. Wanda ya fara sambatu ko tangaɗi a fili, a kai shi inuwa, a yi ta kwara masa ruwan sanyi ana fifita, a nufi asibiti. Haka ma wanda fitsarinsa ya koma kamar baƙin shayi bayan horo mai tsanani: tsoka ce ke zuba cikin jini, ƙoda na cikin haɗari.

Shi ya sa tramol ya zama mugun aboki. Ba ya gyara komai, kunnen jiki kawai yake toshewa, mutum ya ci gaba da taka gwiwar da ta riga ta yage. Yana iya jefa mutum cikin farfaɗiya, yana kuma kama mai shansa. Hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta haramta shi lokacin gasa tun 1 ga Janairun 2024. Ibuprofen da diclofenac ma, a jikin da ruwa ya ƙare, ƙoda suke wahalarwa.

To, karayar zuciya fa? Zuciya kan ce "ya isa" tun tsoka na da saura. Kada ka auna dukan aikin da ke gabanka, auna numfashi goma masu zuwa kawai. Shaƙa kana ƙirga huɗu, saki kana ƙirga shida, ka sake kafaɗu da muƙamuƙi. Amma kunyar kaye a gaban makaɗa da ƴan unguwa ba ta jin wannan dabara. Ita sai an zauna da mai horarwa an warware inda ƙafa ta goce, don mutum ya san kuskuren da zai gyara.

Kowace safiya, kafin ka sauko daga gado, ƙirga bugun jijiyar wuyan hannunka na minti ɗaya. In ya ɗara yadda ka saba da kamar 10 kwana uku a jere, ga rashin barci, ga saurin fushi, ka bar ƙarfe ya huta kwana biyu.